FILINI BABBA, MALAMIN DA YA MUTU A GINDIN DUTSE MAI AMAN WUTA

Masu karatu da suka saba da Littafin Ayyukan Manzanni za su tuna, sa'ad da aka kai Bulus Roma a ɗaure, jirginsu ya tsaya a wani gari na bakin teku mai suna Butiyoli, ya kuwa kwana bakwai a can tare da 'yan'uwa. Wajen shekara ta 60 ke nan bayan haihuwar Almasihu. Butiyoli yana bakin wani babban lungun teku ne a ƙasar Italiya, wanda a ke kira yanzu da sunan birnin Nafoli. Wanda ya shigo lungun nan cikin jirgi, in ya duba gabas, sai ya ga wani babban dutse. Sunansa Besubiyus. A kwanakin Bulus dutsen kore ne shar, gonakin inabi sun hau jikinsa, garuruwa kuma sun kewaye gindinsa. Ba a cika shekara 20 ba bayan wannan, sai dutsen ya fashe ya binne garuruwan.

A wannan wata za mu ba da labarin mutum guda daga cikin waɗanda suka mutu a lokacin nan. Shi ba mutumin garuruwan ba ne. Yana zaune lafiya a ƙetaren ruwa, da ƙafarsa ya shiga jirgi ya tafi.

SOJA MAI ALƘALAMI

Cikakken sunansa Gayus Filiniyus Sekundus, amma za mu ce da shi Filini. A kan ƙara da Babba domin a bambanta shi da ɗan 'yar'uwarsa, Filini Ƙarami. An haife shi a shekara ta 23 ko 24 a garin Komo, can arewacin Italiya. Iyayensa masu hali ne, suka aike shi Roma karatu. Yana da wajen shekara 23 ya shiga soja, aka tura shi bakin iyakar mulkin Romawa wajen kogin Rayin a ƙasar Jamus, har ya zama shugaban wata rundunar mahaya dawaki.

Tun a nan halinsa ya bayyana. Duk abin da idonsa ya gani, sai ya rubuta. Ya je bakin tekun arewa, ya ga wata kabila da ke gina bukkokinsu bisa tuddai domin ruwan teku yana malale ƙasarsu sau biyu kowace rana, ba su da itace, sai su shanya wata irin laka su hura wuta da ita. Bai manta da su ba, bayan shekaru da yawa ya sa labarinsu cikin littafi. Littafinsa na fari kuwa a kan yadda mahayi zai jefa mashi ne daga bisa doki. Daga baya ya rubuta tarihin yaƙoƙin Romawa da Jamusawa, littafi 20.

Da ya komo gida ya iske Nero a gadon sarauta. Zamani ne da mutum mai suna da kaifin baki ba ya barci da ido biyu rufe. Filini ya janye jikinsa, bai nemi sarauta ba, ya zauna yana rubutu a kan nahawu da iya magana, gama nahawu ba ya ɓata wa sarki rai. Nero ya mutu a 68. A shekara ta 69 Basfasiyan ya zama Kaisar, shi kuwa tsohon soja ne, ya san Filini, ɗansa Titus kuma abokinsa ne. Wannan Titus ɗin ne ya ci Urushalima a shekara ta 70. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka sa Filini lura da kuɗin Kaisar a larduna, har da ƙasar Sifen, daga bisani aka ba shi shugabancin jiragen yaƙi na Roma da ke Misenum, mil kaɗan daga Butiyoli.

YADDA YA KE KASHE YININSA

Ɗan 'yar'uwarsa ya bar mana labarin zamansa, abin mamaki ne kuwa. Da damina da rani, tun tsakar dare ya kan tashi ya kunna fitila. Kafin gari ya waye ya tafi wurin Kaisar, gama Basfasiyan ma mai sammako ne. In ya gama aikin sarki ya komo, sauran yini duka na karatu ne. Yana cin abinci, wani yana karanta masa. Ya fito wanka ana goge masa jiki, wani yana karanta masa, ko shi yana faɗa ana rubutawa. In zai yi tafiya, magatakarda yana gefensa da littafi da allo, da lokacin ɗari kuma a sa wa magatakardan safar hannu don kada sanyi ya hana aiki. Cikin birnin Roma ba ya tafiya a ƙasa, sai bayi su ɗauke shi bisa kujera, ba don girman kai ba, don dai ya riƙa karatu a hanya. Har ya taɓa yi wa yaron faɗa domin ya gan shi yana yawo da ƙafa, ya nuna masa sa'o'in nan sun tafi a banza.

Wata rana mai karatu ya yi tuntuɓen harshe, sai wani baƙo ya sa shi ya maimaita. Filini ya tambayi baƙon ko bai gane ba ne. Da ya amsa ya gane, sai Filini ya lissafa masa layi goma da katsalandan nasa ya cinye. Mu dai muna tsammani zama da irin mutumin nan ba shi da sauƙi. Bai yi aure ba, ba shi da ɗa.

Bai taɓa karanta littafi ba tare da ya kwafi wani abu daga ciki ba, gama a ganinsa kome lalacewar littafi ba a rasa abin amfani a cikinsa. Abin da ya kwafa ya cika kundi 160, an rubuta ciki da baya da ƙananan baƙaƙe. Sa'ad da ya ke Sifen, tun kundayen ba su kai haka ba, wani babban mutum ya taya su da kuɗin da ya kai dinari 100,000. Masu karatu sun san dinari guda ladan ma'aikaci ne na yini ɗaya. Filini bai sayar ba.

Daga kundayen nan ya haɗa babban aikinsa, Tarihin Halitta, littafi 37, ya miƙa wa Titus a shekara ta 77. Bisa ga lissafinsa, ya tara al'amura 20,000 daga littattafai wajen 2,000. Ya fara da sama da taurari, ya bi ƙasashe da koguna, ya zo kan mutum, da dabbobi, da itatuwa, da magunguna, ya ƙare da ƙarafa da duwatsu. Ya san duniya a dunƙule ta ke, hujjarsa kuwa ta matuƙa jirgi ce: wanda ya hau kan sandar jirgi ya kan hango tudu tun na ƙasa bai gani ba. Amma fa ya kwashi gaskiya da tatsuniya ya zuba cikin kwando ɗaya. Ya rubuta wai a tsakiyar Afirka akwai mutanen da ba su da kai, idanunsu da bakinsu suna ƙirji. Mu da mu ke zaune a Afirka ba mu gamu da su ba tukuna.

Cikin dukan littafin nan babu ambaton Kirista. Ya yi wa gumakan Romawa ba'a saboda yawansu, bai kuwa gaskata akwai rai bayan mutuwa ba. Abin da ya ɗauka da girma ƙwarai shi ne mutum ya taimaki mutum ɗan'uwansa.

Ga wani abu kuma da ya kamata mu lura. Cikin littafinsa ya lissafa duwatsu masu aman wuta da ya sani, kamar Etna na tsibirin Sisili, amma bai sa Besubiyus cikinsu ba. Inda ya ambace shi, zancen garuruwa ne da inabi. Ba laifinsa ba ne sosai. Dutsen ya yi ɗaruruwan shekaru shiru. Wani malamin Helenawa mai suna Sitarabo ya riga ya lura duwatsun kan tudun kamar wuta ta taɓa cinsu, amma ba wanda ya ɗauki wannan abin tsoro. A shekara ta 62 aka yi babbar rawar ƙasa, ta rushe gidaje da yawa a garin Fomfeyi. Mutane suka share, suka kama gyara. A ganin Filini da malaman zamaninsa, iska ce da ta maƙale cikin ƙasa ke kawo rawar ƙasa, ba su haɗa ta da dutsen ba.

RANAR DA DUTSEN YA FASHE

A shekara ta 79 Basfasiyan ya mutu, Titus ya gaje shi. Filini yana Misenum, 'yar'uwarsa gwauruwa tana zaune wurinsa tare da ɗanta mai shekara 17. Yawancin tsofaffin takardu sun ce ran 24 ga Agusta ne. Amma masu tono sun sami 'ya'yan itatuwa na kaka da tufafin ɗari, a shekara ta 2018 kuma aka ga wani rubutun gawayi jikin bango a Fomfeyi mai kwanan watan 17 ga Oktoba, saboda haka da yawa suna ganin cikin Oktoba ne abin ya faru.

Kwana da kwanaki ƙasa tana ɗan motsi, ba wanda ya kula, gama an saba. Wajen ƙarfe ɗaya na rana Filini ya yi wanka, ya ci abinci, yana kishingiɗe da littattafansa, sai 'yar'uwarsa ta kira shi ya ga wani girgije. Ya sa takalmi ya hau tudu. Daga can ƙetaren ruwa, wajen mil 20, wani abu ya miƙe zuwa sama kamar kututturen itace mai tsawo, can bisa kuma ya baje. Mai karatu ya kawo siffar giginya a ransa. Wani wuri fari ne, wani wuri dabbare-dabbare da ƙasa da toka.

Mutumin da ya yi shekara 30 yana rubuta abin da waɗansu suka gani, yau ga abu a gabansa wanda babu shi cikin kowane littafi. Ya ce a shirya masa ƙaramin jirgi mai sauri. Ya yi wa yaron tayin tafiya, yaron ya zaɓi ya zauna ya gama aikin karatun da kawun da kansa ya ba shi. Wannan ne ya tsirar da shi, ya kuma tsirar mana da labarin.

Filini yana fita daga gida ke nan, sai ga manzo da takarda daga wata mace mai suna Raktina, wadda gidanta ke gindin dutsen. Ba ta da hanyar tsira sai ta ruwa, tana roƙo a zo a cece ta. Nan take ya sāke shawara. Ya bar ƙaramin jirgin, ya ba da umarni a fito da manyan jiragen yaƙi, ya shiga ɗaya da kansa, domin ya kwaso Raktina da sauran jama'ar da ke bakin gaɓar nan. Suka miƙe sosai zuwa wurin da kowa ke gudu daga gare shi. Duk da haka bai bar halinsa ba, magatakarda yana gefensa, yana faɗa masa kowace sākewar girgijen.

Da suka matsa, toka ta fara zubo musu, tana ƙara zafi tana ƙara kauri. Sa'an nan duwatsu marasa nauyi masu ƙofofi, irin na gugar kaushi, da baƙaƙen duwatsu da wuta ta farfasa. Abin da dutsen ya zubar ya tare gaɓa, ba wurin tsayawa. Matuƙin jirgi ya ba da shawara a juya. Filini ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ƙi, ya sa aka nufi Sitabiya, wani gari kudu da dutsen, inda abokinsa Fomfoniyanus ya ke. Daga nan wasiƙar yaron ba ta sāke ambaton Raktina ba.

Iskar da ta kai shi Sitabiya ita ce ta hana kowa fita. Ya iske abokinsa ya riga ya loda kaya cikin jiragensa, yana jiran iska ta juya, jikinsa yana rawa. Filini ya rungume shi. Don ya kwantar wa mutanen gida da rai, ya ce a kai shi wanka, ya fito ya zauna ya ci abinci da fara'a. Ko fara'ar ta gaske ce, ko ta dole, yaron ya ga duk ƙarfin hali ne. Da dare ya yi, aka ga harsunan wuta jikin dutsen, Filini ya riƙa gaya musu wutar da manoma suka gudu suka bari ce. Ya shiga ɗaki ya yi barci na gaske, gama shi mai jiki ne, masu wucewa ta ƙofa suna jin minsharinsa.

Amma tsakar gida tana ta cika da toka da duwatsu, har aka ga in ya ƙara jimawa ƙofar ba za ta buɗu ba. Aka tashe shi. Suka yi shawara: ciki, gini yana rawa kamar zai tumɓuke, waje, duwatsu suna zuba. Suka zaɓi waje. Kowa ya ɗora matashin kai bisa kansa ya ɗaure da ƙyalle. A waɗansu wurare gari ya waye, nan kuwa duhu ne ya fi na kowane dare. Da fitilu suka gangara bakin teku, suka iske raƙuman ruwa ba su kwanta ba. Aka shimfiɗa wa Filini mayafi ya kwanta, ya roƙi ruwan sanyi ya sha, ya sāke roƙo. Sai ga wuta da warin kibiritu, mutane suka watse da gudu. Ya dafa bayi biyu ya miƙe, nan da nan ya faɗi.

Bayan kwana biyu, da haske ya komo, aka sami gawarsa da tufafinsa, babu rauni, sai ka ce mai barci. Yana da shekara 55. Yaron ya ɗauka hayaƙi ne ya shaƙe shi, gama dā ma yana da ciwon maƙogwaro da ƙuncin numfashi. Likitoci da yawa na zamaninmu suna ganin fuka ce ko ciwon zuciya, tun da ya ke waɗanda ke tare da shi sun tsira har sun ba da labari.

ABIN DA FILINI BAI SANI BA

Yanzu an san abin da ya faru. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, manyan ɓangarori ne masu motsi a hankali. Ɓangaren da ke ɗauke da Afirka yana kutsawa ƙarƙashin na Turai, zafin da ke can ƙasa kuwa yana narkar da dutse. Cikin narkakken dutsen nan akwai tururi da iska iri iri a matse. In narkakken mai ruwa-ruwa ne, iskar ta kan fita da sauƙi, dutsen ya malalo kamar kogi, mutum ya kauce masa. In kuwa mai kauri ne, sai ya riƙe iskar. Kowace mace ta san kunu mai ruwa yana tafasa lafiya, amma talge in ya yi kauri sai ya riƙa fashewa yana tsartuwa. Na Besubiyus mai kauri ne, ya kuwa daɗe a toshe. Rawar ƙasar da aka raina alama ce yana neman hanya. Da ya samu, ya tashi kamar kumfa, kumfar ta daskare a sama, ita ce duwatsun nan masu ƙofofi. Waɗanda suka san tuddan Panyam da na Biu sun ga irin duwatsun wuta da suka daɗe da mutuwa, Dutsen Kamaru kuwa har yanzu yana da rai.

Girgijen da Filini ya gani ya kai wajen mil 20 a tsaye. Iska ta kaɗa shi kudu maso gabas, ya yi wajen sa'a 18 yana zuba bisa Fomfeyi, har ya taru kusan ƙafa 9, rufin gidaje suna karyewa. Yawancin mutanen garin sun gudu a sa'o'in nan. Babbar hallaka ta zo daga baya. Da ƙarfin dutsen ya fara raguwa, girgijen ya kasa ɗaukar nauyin kansa, ya rushe, ya gangaro jikin dutsen, guguwar toka da iska mai ƙuna, wadda ko doki ba ya tsere mata. Da dare ta faɗa wa garin Harkulaniyum. Zafinta a can ya kai awo 400 ko 500 a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. Da safe waɗansu suka biyo suka rufe Fomfeyi, mafi girma a cikinsu kuma ta kai wajen Sitabiya. Ana ganin gefenta ne ya kori abokan Filini daga bakin teku.

Har can Misenum abin ya kai. Yaron ya ga teku ta janye ta bar kifaye bisa rairayi, ya ga baƙin girgije ya sauko ya rufe ruwa yana binsu. Uwarsa ta roƙe shi ya bar ta ya gudu, ya ƙi, ya riƙe hannunta. Malamai ba su gane wannan sashi na labarinsa sosai ba sai 1902, sa'ad da irin guguwar nan ta sauko daga dutsen Fele a tsibirin Martinik ta kashe mutum wajen 28,000 cikin 'yan mintoci.

Garuruwan suka ɓace har aka manta da wurinsu. An fara tonon Harkulaniyum a 1738, yana ƙarƙashin ƙasa wajen ƙafa 60, Fomfeyi kuma a 1748. A Fomfeyi an sami gawa fiye da 1,000. Daga 1980 zuwa gaba aka tono tsohuwar gaɓar Harkulaniyum, aka sami ƙasusuwan mutum wajen 300 cikin rumfunan jiragen ruwa da bakin gaɓa, maza da mata da yara. Kusa da su akwai wani jirgi a kife, da wani soja da takobinsa. Waɗansu masu bincike suna tsammani soja ne na rundunar Filini.

Cikin wasiyyarsa Filini ya mai da yaron ɗansa, ya bar masa sunansa da dukiyarsa da kundayen nan 160. Yaron ya girma ya zama babban mutum. Shi ne gwamnan Bitiniya wanda wajen shekara ta 112 ya rubuta wa Kaisar Tarajan yana tambaya yadda zai yi da Kirista. Kafin wannan, wajen shekara 25 bayan mutuwar kawunsa, marubucin tarihi Tasitus ya roƙe shi labarin, ya amsa da wasiƙu biyu. Su ne bayani mafi tsufa da mu ke da shi na aman dutse daga bakin wanda ya gani da ido. Saboda su, duk aman da ya tashi tsaye haka zuwa sama, masana suna kiransa irin na Filini. A 1841 aka kafa gidan lura da dutse a jikin Besubiyus, irinsa na fari a duniya. Aman dutsen na baya-bayan nan a watan Maris ne na 1944.

Littattafan Filini na yaƙi da na tarihi da na nahawu duk sun ɓace, haka kuma abin da ya faɗa wa magatakarda cikin jirgi. Tarihin Halitta kaɗai ya rage. Masu zaman sufi na Turai suka yi ta kwafarsa da hannu ɗaruruwan shekaru, har aka buga shi da injin a birnin Banis a shekara ta 1469.